Bishiya a cikin jakar takarda

Jiya da daddare ina latse-latsen waya na ci karo da hotunan aikin wani ɗan Japan mai suna Yuken Teruya, haifaffen Okinawa a 1973, wallahi har yanzu abin bai fita raina ba. Jakar takarda ce fa, irin ta McDonald's da ake yarwa bayan an gama cin abinci, sai ya zana bishiya a gefe ɗaya ya bi ta da wuƙa ganye bayan ganye, amma bai cire ta ba, sai ya lanƙwaso ta ciki ta tsaya da gindinta. In ka leƙa ta bakin jakar bishiya ce tsaye, haske na sauko mata ta hudojin da aka yanke ta. Har da kwalin da ke tsakiyar tishu yana fitar da rassa daga jikinsa.

Abin da ya fi taɓa ni, takardar nan daga itace aka yi ta tun farko, shi kuma ya mayar da ita bishiya. Su Japanawa dama sun daɗe da yankan takarda, kirie suke ce masa.

Da safe na ɗauko takardar buhun siminti da sabuwar reza, ni da ƙanwata muka zauna kan tabarma. Rassa biyu sun tsinke, na uku ya tsaya, ta ɗaga shi saitin taga inuwar ganyen ta faɗo a bango, muka yi shiru muna kallo. Yanzu ta hana kowa yar da kwalin shayi a gidan.