Abin da wani ɗan ƙarfe ya koya mini a gareji

Shekara huɗu na yi ina koyon kanikanci a wani gareji a Kaduna, kuma da wuya rana ta faɗi ba a yi musu a kan mota ba. Da an idar da sallar La'asar, masu jiran gyara za su jeru a benci a gindin darbejiya, sai wani ya taɓo zancen. Akwai wani dattijo da ya daɗe yana jan Peugeot 504 tsakanin Kaduna da Kano, shi a wurinsa bayan Fijo babu mota. Yakan ce a unguwar Kakuri ta Kaduna aka haɗa ta, kamfanin PAN mai haɗa Fijo ya fara aiki tun 1975, kuma motar ta san hanyar ƙasar nan kamar yadda jaki ya san hanyar gida. Ƙafar baya ke tura ta, ƙasanta a ɗage yake, ta faɗa rami ta fita fasinja bai farka ba. Samari kuwa sai su ce Baba zamani ya wuce nan. Wannan ya ce Corolla, tunda Toyota ta fara ƙera ta a 1966 kuma zuwa 2021 an sayar da sama da miliyan 50. Wancan ya ce Honda Accord ta 2003, wadda 'yan Najeriya suka raɗa wa End of Discussion. Direbobin haya kuma ba sa haɗa Golf 3 da komai wajen ɗaukar kaya da jure wahala.

Ni ma ina da ɓangare. Ɗan Corolla ne ni, ina kare ta da ƙarfina, alhali a lokacin ban san abin da ke gudana a ƙarƙashin bonet ɗinta ba.

Maigidana ba ya shiga musun. Ranar da ya ji ina ɗaga murya, sai ya kira ni gaban wani injin da aka sauke aka cire masa kai. Ya miƙo mini sifana ya ce, "Juya karanshaf a hankali, ka sa ido a kan fistin na farko." Na juya wannan ƙarfen da ke ɗaga fistin yana sauke shi. Fistin ya yi ƙasa, nan ne silinda ke shaƙar iska da mai. Ya taso sama, ya matse su. A nan filogi ke ba da wuta, abin da aka matse ya kama, ƙarfinsa ya sake tura fistin ƙasa. Tasowa ta ƙarshe kuma hayaƙi ake korawa zuwa salansa. Ya ce, "Sau nawa ka juya?" Na ce sau biyu, Oga. Ya ce to a cikin wannan juyi biyun kamshaf sau ɗaya kawai yake juyawa, shi ne mai buɗe bawul da rufe su, kuma abin da ke riƙe wannan lissafi tsakaninsu shi ne taimin, ko na bel kamar na Golf 3, ko na sarƙa kamar na Corolla ta 2003. Haƙori ɗaya ya goce, mota ta fara rawa da rashin ƙarfi. A wasu injunan ma idan bel ya tsinke ana cikin tafiya, fistin ne zai doki bawul ya lanƙwasa su.

Daga baya na karanta cewa wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya ƙera injin mai wannan bugu huɗu tun 1876. Ke nan Fijon Baba da Corollar da nake wa kirari duk numfashi ɗaya suke yi. Bambancinsu yana wajen wanda ke auna man: a Fijo kafireto ne, a Corolla kwamfuta ce, wadda muke kira burenbos, tana sauraron na'urorin da ke gaya mata yawan iska da zafin ruwa, sannan ta umarci nozul mai feso man.

Sanin wannan a baki bai hana ni yin kuskure ba, kuma har yau kuskuren yana taɓa ni. Wani malamin makaranta ya kawo Corolla tana ɗaukar zafi, maigida ya tafi sayo kaya. Na yi abin da na ga ana yi a garejoji da yawa: na cire tamostat, wani ɗan ƙarfe da ke kan hanyar ruwan injin, na jefar a kwandon tarkace, na haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da an kunna mota. Na gaya wa Malam cewa wannan ƙarfen don ƙasashen sanyi aka yi shi, mu nan ba mu da buƙatarsa. Na faɗa da gaskiyar zuciyata, don haka na ji manya na faɗa. Ya yi godiya, ya biya, ya tafi.

Bayan 'yan makonni, hunturu ya kankama, ya dawo ransa a ɓace. Motar ta koma shan mai fiye da da, kuma idan ya ɗauki iyalinsa ya hau hanyar Zariya, allurar zafi tana hawa kamar ba a taɓa komai ba. Wannan fa bayan an cire tallafin mai ne a watan Mayun 2023, lokacin da kowace lita ta zama abin lissafi ga mai albashi. Da ya ce, "Yaro, na amince da kai," ban iya ɗaga kai na dube shi ba.

Maigida bai yi mini faɗa a gabansa ba. Ya kwance filogi ya nuna mini bakinsu, baƙi ƙirin da toka. Ya sa na tono tamostat ɗin daga kwando, muka tafi wurin mai shayi, ya ari ƙaramar tukunya ya zuba ruwa ya jefa shi ciki ya ɗora a kan wuta. Muka tsuguna muna kallo. Ruwa na ɗumi, ƙarfen yana rufe ruf. Da ƙananan kumfa suka fara tasowa daga gindin tukunya, kafin ruwan ya tafasa, sai na ga bakinsa yana buɗewa a hankali, kamar mai barci yana buɗe ido. Ya tsamo shi da filaya ya ajiye a kan tebur, yana hucewa yana rufewa. Ya nuna mini lamba 82 da ke jikinsa, ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau. Ka kori mai gadi ka bar ɓarawo a cikin gida."

Ya yi mini bayanin da ban manta ba. Akwai wani kaki a cikin tamostat da ke kumbura idan ya ji zafi, shi ke tura bakin ya buɗe. Aikinsa ya tare ruwa kada ya tafi lagireto sai injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90. Da na cire shi, kuma fanka na kaɗawa ba tsayawa, injin ya daɗe yana sanyi da safe. Na'urar zafi tana gaya wa kwamfuta cewa har yanzu da sanyi, ita kuma tana ƙara mai. A motocin kafireto wannan aikin cok ne, kuma kowane tsohon direba ya san ba a tafiya da cok a ja. Man da ya yi yawa yana baƙanta filogi, yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ringi su riƙa ci da wuri.

Ainihin ciwon kuwa yana lagireto. Da aka buɗe shi, ƙananan hanyoyin ruwan sun toshe da tsatsa da wani farin datti da ya daskare, saboda shekara da shekaru ruwan rijiya ake zuba masa maimakon ruwan sanyaya injin. Murfinsa ma ya saki. Ban taɓa ɗaukar murfin lagireto a bakin komai ba sai ranar: matsin da yake riƙewa ne ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Muka wanke lagireto, muka sa sabon murfi, muka mayar da tamostat, muka mayar da fanka hannun kwamfuta. Maigida bai karɓi ko sisi ba, kuma ni ya sa na yi aikin da hannuna tun daga farko har ƙarshe.

Tun daga nan musun benci ya sauya mini ɗanɗano. Ina jin daɗinsa har yanzu, don mutanen da gaske suke son motocinsu, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa a kan hanyar da yake bi da nauyin da yake ɗauka. Amma idan wani ya ce mini mota kaza ba ta da kyau, tana ɗaukar zafi, tana shan mai, sai in tambaye shi wa ya taɓa ta, me aka cire mata, wane ruwa da wane baƙin mai ake ba ta. Sau da yawa a nan amsar take. Na ga motoci masu kyau da yawa da aka ɓata wa suna, alhali hannu irin nawa na wancan lokacin ne ya bi ta kansu.

Baba mai Fijo yana nan ranar da aka dafa tamostat, yana tsaye bayanmu da kofin shayinsa, bai ce uffan ba. Washegari da sassafe ya shigo da 504 ɗinsa, ya buɗe bonet da kansa, ya ce, "Ɗana, duba mini ko tawa tana da wannan abin." Na kwance, wurin wayam, an cire shi tun ba a san yaushe ba. Ya ɗan yi shiru, ya shafa gefen motar, sannan ya ce in shiga mu je kasuwar Panteka mu nemo.