Kaskon ruwa, mako na shida: ranar da gidan ya zama nawa ni da kurciyoyi

'Yan uwa masu koyon kallon tsuntsaye, ga inda na kwana. Hutun 1 ga Janairu ya same ni ni kaɗai a gidan hayarmu da ke Samaru. Maƙwabta duk sun yi tafiya, ɗalibai sun watse, ko mai kosan bakin layi ba ta fito ba. Da farko na ji babu daɗi. Sai da na idar da sallar asuba na tuna cewa makonni biyar ke nan ina ƙorafin hayaniyar yara na korar mini tsuntsaye, yau kuwa ga tsakar gida fayau.

Akwai kaskon ruwa da na ajiye wa tsuntsaye gindin darbejiya. Gyara biyu na yi masa tun rubutun baya. Na zuba tsakuwa da dutse guda mai faɗi a ciki, domin ƙananan tsuntsaye ba sa shiga ruwan da ya wuce ƙafarsu. Na kuma janye shi daga jikin katanga, bayan magen maƙwabta ta yi kwanton ɓauna a can ta cafke kurciya guda a gabana. Laifina ne, ni na kai musu ruwa bakin tarko. Yanzu yana fili, taku huɗu daga katanga, kuma akwai reshe a sama da za su tsere.

Ƙarfe bakwai saura na shimfiɗa tabarma taku goma daga kaskon, na lulluɓa da bargo saboda hunturu, na yi shiru. Kurciyoyi ne suka fara sauka, su uku. A nan na ga abin da na daɗe ina karantawa ban taɓa lura da idona ba: kurciya kan tsoma baki ta zuƙi ruwa ba tare da ta ɗaga kai ba, alhali yawancin tsuntsaye sai sun ɗiba sun ɗaga kai sama kamar kaza. Bayansu sai asisi, 'yan mitsi-mitsin nan masu shuɗin ƙirji. Namijin na da jan ɗigo a kunci, macen ba ta da shi. Sai ranar na iya raba su ba da shakka ba, don sun daɗe suna wanka a kan dutsen har suna fantsama ruwa a ƙasa.

Duk minti ashirin sai in ja tabarmar taku ɗaya, ina zaune, ban miƙe ba. Miƙewa ce ke tarwatsa su, da kallon ido cikin ido. In na kau da fuska gefe ina satar kallo, sai su ci gaba da harkarsu. Kafin hantsi na kai taku huɗu. A taku uku kurciyoyin suka ce ba su yarda ba.

Abokin da na yi a ranar ba ma tsuntsu ba ne. Wani jan gwada ne mai guntun jela, da alama ya taɓa tsallake rijiya da baya. Da rana ta ɗaga ya sauko daga katanga, kansa ya yi jawur, ya tsaya yana gyaɗa shi kamar mai amsa gaisuwa. Ragowar shinkafar da na zuba jiya ta tara tururuwa, shi kuma abin nema ya samu. Ya yi ta lasar su ɗaya bayan ɗaya har ya iso gefen tabarmata, ya hau kan silifas ɗina ya yi zamansa. Na fi minti goma ban motsa ƙafa ba, har ta yi sanyi.

Shinkafar nan dai kuskure ce, kada ku kwaikwaya. Dafaffen abinci hankaka yake kira, kuma da ya sauka kowa ya watse. Gero ɗanye cikin tafin hannu ya isa. Ruwan kuma a riƙa zubarwa ana wanke kaskon kullum, in ba haka ba gidan sauro ka gina.

Lissafin ranar iri tara ne, har da cilakowa biyu da suka wuce ta sama da balbelu da yamma. Ban shigar da shi a BirdLasser, manhajar waya da ake tura lissafin tsuntsayen da aka gani, ba tukuna. Masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta, suna son a yi aƙalla awa biyu ana zagaya yanki guda, ni kuwa ko ƙofar gida ban leƙa ba. Asabar mai zuwa zan gwada bakin dam, in Allah ya kai mu.

Tambayata ga waɗanda suka riga ni: bayan isha na ji motsi cikin busassun ganye, na haska fitila sai ga bushiya a bakin kaskon, ta dunƙule. Na kashe fitilar na bar ta. In ajiye mata wani kaskon daban a ƙasa, ko su ci gaba da sha tare?