Ƙirga kawuna daban, isar da saƙo daban

A ƙungiyar sa-kai da nake yi wa aiki, wadda ta sa rigakafin shaye-shaye a gaba, ni aka ɗora wa riƙe alƙaluma. Ba don na fi kowa lissafi ba, sai don ni ne mai haƙurin zama da takardu bayan kowa ya watse. Duk mai ba da tallafi, hukuma ce ko gidauniya, tambayarsa ta farko guda ce: mutum nawa aikinku ya kai gare su? A baki tambaya ce mai sauƙi. A aikace kuwa amsoshinta sun kai uku ko huɗu, kuma wadda ta fi daɗin faɗa ita ce ta fi rashin amfani.

Yadda na tarar ana yi shi ne a tattara takardun halarta a haɗa jimilla. An yi lacca a makaranta, a rubuta adadi. An yi gangami ranar 26 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1987 don yaƙi da shaye-shaye da fataucin miyagun ƙwayoyi, wani ya ƙiyasta taron da ido, a rubuta. An yi shiri a rediyo, sai a ɗauko yawan jama'ar da tashar ta ce muryarta na kai musu a zuba a kai. Ƙarshen shekara sai ka ga adadin ya haura yawan mazauna yankin gaba ɗaya, har da jarirai. Babu wanda ya yi ƙarya. Kowane adadi gaskiya ne a muhallinsa. Haɗa su wuri guda ne ya zama ƙarya.

Abin da na fara gyarawa shi ne maimaici. Yarinyar da ta halarci zama goma mutum ɗaya ce, ba goma ba. To amma ta yaya za ka gane ta ba tare da ka rubuta sunanta ba? Wannan ba ƙaramar magana ba ce a harkar shaye-shaye. Matashin da ya taɓa kurɓar wani abu, da zarar ya ga ana rubuta suna da lambar waya, zuwansa ya ƙare, kuma yana da gaskiya, don bai san hannun da takardar za ta faɗa ba. Sai muka koma ga lambar sirri da kowa ke haɗa wa kansa: haruffa biyu na farkon sunan mahaifiyarsa, watan haihuwarsa a lamba, da harafin ƙarshe na sunansa. Ba ya mantawa da ita, ni kuma ba zan iya gane shi da ita ba. Akan samu biyu su yi karo a lamba ɗaya, akan kuma samu wanda yau ya rubuta sunan mahaifiya na yanka, gobe ya rubuta laƙabinta, amma wannan ɗan kuskuren bai kai na da ba. Da muka tace, adadin ya zube ƙasa warwas.

Shugabanmu, dattijo ne da ya ba aikin nan ƙuruciyarsa, bai ji daɗi ba. Ya ce, "Yanzu kai wannan ɗan adadin za mu miƙa musu? Ai sai su ce barci muka yi." Na ce, "Ranka ya daɗe, su biyun za mu miƙa. Wancan shi ne yawan halarta, wannan shi ne yawan mutane. Idan aka raba na farko da na biyu za a ga sau nawa kowa ya dawo, kuma dawowar ita ce abin alfaharinmu." Ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta su gefe da gefe. Haka muke yi har yau.

Bayan nan ne na ci karo da tsarin auna ayyukan lafiyar al'umma da ake kira RE-AIM, wanda Russell Glasgow da abokan aikinsa suka wallafa a 1999. Abin da ya kama ni a ciki shi ne yadda suka fayyace isar aiki ga jama'a. Ba adadi kaɗai ba ne. Abu uku ne: mutum nawa suka shiga, kashi nawa ne su cikin waɗanda ya kamata su shiga, kuma shin sun yi kama da waɗanda ba su shiga ba? A ce ka koyar da matasa 300. Idan matasan yankin masu wannan shekarun 600 ne, ka yi rabi. Idan 30,000 ne, kashi 1 cikin 100 ka taɓa. Adadin bai canja ba, amma labarin ya sha bamban. Neman wannan adadi na ƙasa, wato jimillar waɗanda ake nufi, ya fi komai cin rai: alƙaluman ƙidayar jama'a sun tsufa, rajistar makarantu ba ta san yaron da ya daina zuwa ba. Duk da haka ƙiyasin da aka faɗi inda aka samo shi ya fi a bar gurbin fayau.

Tambaya ta ukun ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma a kanta na fi daɗewa. Su wa ke zuwa taronmu? Da na fara ƙara tambayoyi biyu ko uku a takardar halarta, irin su shekaru, jinsi, da ko mutum yana makaranta ko ya bari, sai hoton ya fito sarai. Masu cika mana kujeru su ne yara masu natsuwa, waɗanda malami ya zaɓo don kada su ba makaranta kunya, waɗanda iyayensu ke sa ido a kansu. Su ne suka fi kowa nisa da haɗarin. Yaron da aka kora, da mai fashin aji, da wanda ya girma a gidan da ake sha, da yarinyar da ke sha a ɓoye ba mai zarginta, duk ba sa cikin takardata. Kamar mai ban ruwa ne da ke ta kwarara wa gefen da ya riga ya jiƙe, don nan ne ya fi kusa da rijiya.

Masana sun daɗe da raba rigakafi gida uku, rabon da wani rahoton cibiyar likitanci ta Amurka ya yaɗa a 1994: wanda ake yi wa kowa da kowa, wanda ake yi wa rukunin da haɗari ya fi kusanta, da wanda ake yi wa mutumin da alamu suka fara bayyana a kansa. Da na raba alƙalumanmu bisa wannan, gidan farko ya cika maƙil, na biyu ɗan kaɗan, na uku kusan babu. Ba na cewa aikin gidan farko banza ne. Cewa nake idan aka haɗa su a jimilla ɗaya, yawan na farko zai rufe ramin na uku, kuma ba wanda zai tambaya. Matashi goma na gida na uku sun fi cin lokaci da ƙarfi a kan ɗalibai dubu a zauren taro, amma a rahoto dubun ce ke ƙyalli. Wannan ke sa ƙungiyoyi, ba da mugun nufi ba, su riƙa karkata zuwa inda ƙirga ya fi sauƙi.

Ga waɗanda ba sa cikin kowace rajista, akwai wata dabara da masu nazarin namun daji suka daɗe suna amfani da ita, masana lafiya suka ara. Ana kwatanta jeri biyu da aka tara ta hanyoyi daban. A ce masu bi lungu-lungu sun haɗu da matasa 200 da suka bar makaranta, wata cibiyar koyon sana'a kuma ta ga 150, aka duba lambobin sirri aka ga 50 sun fito a duka biyun. Sai a ninka 200 da 150 a raba da 50, a samu kimanin 600. Sharaɗinta shi ne kada shiga jeri ɗaya ya zama sanadin shiga ɗayan. Idan mu ne ke tura su cibiyar, lissafin ya lalace, zai nuna sun fi ƙaranci a kan yadda suke.

Sai maganar zurfi. Wanda ya karɓi takarda a bakin hanya da wanda ya zauna darasi mako-mako ba abu ɗaya aka yi musu ba. Ƙa'idojin rigakafi na duniya da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ya fitar a 2013, aka sabunta su tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018, sun nuna cewa abin da ke aiki a makarantu shi ne jerin darussa masu tsari, galibi 10 zuwa 15, da ake yi da musayar magana da gwada ƙwarewa. Ba da bayani kawai, ko tsoratarwa, ko kawo wanda ya daina sha ya ba da labarinsa, ba su nuna amfani ba, wani lokaci ma sukan yi illa. Shirin Unplugged na rigakafi a makarantu, da aka gwada a ƙasashen Turai, darasi 12 ne. Saboda haka na daina rubuta wanda ya zo zama biyu cikin goma sha biyu a layi ɗaya da wanda ya kammala. Muka ja layi: wanda ya halarci akasarin darussa shi ne ya samu shirin, sauran sun leƙa ne.

Rediyo da intanet kuwa na ware musu shafi daban, ba sa shiga jimillar mutane. Facebook yakan nuna sau nawa saƙo ya bayyana a fuskar waya da kuma asusu nawa ya bayyana gare su, amma babu ɗaya a ciki da ke nufin an karanta. Don rediyo mukan tambayi mutane ko sun ji saƙon, mu ce su faɗi abin da ya ƙunsa. Nakan kuma cusa wani saƙo da ba mu taɓa watsawa ba a cikin tambayoyin. Yawan masu cewa sun ji shi shi ke nuna mini yawan masu amsa "e" don kara kawai, sai in rage.

Ko an tabbatar saƙo ya isa, wannan bai ce ya yi aiki ba. Amurka ta ware sama da dala biliyan ɗaya tsakanin 1998 da 2004 don tallace-tallacen hana matasa shan ƙwaya. Binciken da aka yi ya nuna kusan duk matasan sun ga tallan, amma shan wiwi bai ragu saboda shi ba, har akwai alamar wasu da suka fi ganinsa sun ɗauka kowa ma sha yake yi. Ƙasar Aisland ta bi wata hanya: tambayoyi iri ɗaya take yi wa ɗalibai a kai a kai, ba tare da suna ba, ta mayar wa kowane yanki sakamakonsa. A can, 'yan shekara 15 zuwa 16 da suka ce sun bugu cikin watan da ya gabata sun sauko daga kashi 42 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016. Abin da suke aunawa shi ne halin yaran da yadda suke cin lokacinsu, ba yawan kujerun da aka jera ba.

Ƙaramar ƙungiya irin tamu ba ta da ƙarfin wannan, amma mun ɗauki abin da za mu iya. Rahotonmu yanzu shafi ɗaya ne: yawan halarta, yawan mutane, kashinsu cikin waɗanda ake nufi, waɗanda suka kammala, da rabonsu gida uku. A ƙasa akwai layin da muke rubuta rukunin da ba mu kai gare su ba. Wannan layin ne ya sa muka mayar da wasu zamanmu daga safe zuwa yamma, muka fitar da su daga harabar makaranta, muka kuma ɗauki 'yan sa-kai mata don su zauna da 'yan mata su kaɗai.