Yadda na raba lambunmu da sarƙaƙiya ba tare da na rasa lemun tsami ba

Sarƙaƙiya ba ta tsayawa ita kaɗai kamar sauran itatuwa. Rassa take miƙawa masu ƙananan ƙayoyi lanƙwasassu, ta kama duk abin da ke kusa, ta hau kansa har ta tare masa rana. A lambun bayan gidanmu da ke Hotoro a Kano an dasa ta ne a matsayin shinge tun kafin a gina katanga, amma da aka daɗe ba a datse ta ba, sai ta kutso ciki, ta lulluɓe lemun tsami da gwaiba, ta fara neman zogalen da muke miya da shi.

Da na nemi shawara, wasu suka ce in banka mata wuta idan rani ya yi, wasu kuma suka ce in sayo maganin feshi a Sabon Gari in huta. Duka biyun ban ɗauka ba. Wuta za ta babbake ɓawon itacen lemun, ita kuwa sarƙaƙiyar ta sake tohowa daga kututture da zarar ruwa ya sauka. Maganin ciyawa mai sinadarin gilaifoset kuma ba ya zaɓe: ta ɗanyen ganye yake shiga ya gangara har saiwa, kuma a wurin da ganyen ƙaya ya cakuɗe da na gwaiba, babu gwanin da zai fesa wa ɗaya ya bar ɗaya, balle a ce iska na kaɗawa. Masu cewa a zuba gishiri ko baƙin mai a gindinta kuwa, ƙasar lambun suke kashewa.

Na fara aikin ne a ƙarshen bazara, sanye da safar hannu ta fata irin ta masu walda, da tabarau, da takalmi mai kaurin tafi. Kowane reshe sai na bi shi a hankali har inda ya fito daga ƙasa, na tabbatar nata ne, sannan na sare shi daidai gwiwa, domin guntun da ya rage ya zama alama kuma abin riƙo a ranar tono. A kusa da itatuwa ajiye adda na yi na ɗauki almakashin datse reshe, saboda sara ɗaya da ya kauce yana iya raunata gindin lemun.

Abin da ya fi komai muhimmanci a ganina shi ne kada a janyo rassan daga kan itace suna ɗanyu. Ƙayarta ƙugiya ce. Idan ta kama hannun riga kuma mutum ya fizga baya sai ta yage, amma idan ya ɗan matsa gaba sai ta sake shi. Haka take yi wa reshen lemo, ta tafi da ganye da fure da ƙananan 'ya'ya. Na bar su a saman har suka bushe ganyensu ya kakkaɓe, sannan na riƙa gutsure su tsawon kamu ɗaya ɗaya, daga waje zuwa ciki, ina zarewa. Aikin yana cin lokaci ƙwarai, amma ko reshe ɗaya na gwaibar bai karye ba.

Da damina ta kankama a watan Yuli ƙasa ta yi laushi, sai na koma kan kututturan, waɗanda a lokacin duk sun fitar da sabon toho. Na nesa da itatuwa na tone su da diga. Na ƙarƙashin lemun kuwa ban tona ba, domin saiwoyinsa masu shan ruwa a kusa da saman ƙasa suke, suna bazuwa har su wuce iyakar inuwarsa. Waɗannan sai na sake yanke su dab da ƙasa a ranar da babu hadari, na shafa musu maganin gilaifoset ɗin, ba fesawa ba, a kan yankan da ƙaramin buroshin fenti kafin minti 5 su cika, tun wurin bai bushe ba, bisa ma'aunin da ke jikin robar, sannan na kife kowanne da gwangwani don kada kaji ko yara su taɓa. Wanda ba ya son magani ko kaɗan yana iya ci gaba da yanke tohon duk lokacin da ya fito har saiwar ta gaji, sai dai hakan kan wuce damina ɗaya.

Irin da ya zube a ƙasa shekara da shekaru shi ma sai da ya tsiro, amma tsiron da bai wuce tsawon yatsa ba da hannu ake tuge shi bayan an yi ruwa. Wuraren da na share na shimfiɗa musu kwali na zuba ɓawon gyaɗa a kai, na bar tazara tsakaninsa da gindin kowane itace saboda gara. Busassun rassan ban zuba su cikin ramin taki ba, tun da ƙaya ba ta saurin ruɓewa kuma za ta dawo cikin kwamin rama da yakuwa inda ake aiki da hannu. A fili na ƙone su, nesa da itatuwa, da safiyar da iska ta kwanta.