Lens ɗin 50mm: wanne ya fi kaifi, wanne ya ci kuɗinsa?

Duk wanda ya sayi kyamara mai canja lens, ba a jimawa wani zai ce masa ya nemi 50mm, kuma shawarar daidai ce, matsalar dai da ya shiga nema sai ya tarar ashe 50mm ɗin ba ɗaya ba ne. Kamfani ɗaya ma sai ya yi kala uku, ga f/1.8 ga f/1.4 ga f/1.2, dukkansu ba sa zum, dukkansu abu ɗaya suke gani, amma kuɗin na ƙarshen zai sayo maka na farkon guda goma. To me ake saya da wannan ƙarin? Ni dai abin da na fahimta shi ne lambar da ke jikin lens ba ita ke faɗa maka kaifinsa ba, shekarar da aka zana shi ta fi lambar faɗin gaskiya.

Ita lambar f ba wani sirri ba ce. Ka raba 50 da ita, abin da ya fito shi ne faɗin ƙofar da haske ke shiga: f/1.8 kusan milimita 28, f/1.4 kusan 36, f/1.2 kusan 42. Yanzu ka duba lens ɗin da ake haɗo maka da kyamara, 18-55 ɗin nan, in ka zuƙo shi zuwa ƙarshe iyakarsa f/5.6. Daga f/5.6 zuwa f/1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninki goma. Daga f/1.8 zuwa f/1.4 kuwa ko ninki biyu bai kai ba, zuwa f/1.2 ma ninki biyu ne da ɗan ɗoriya. Wato babban tsallen da za ka yi a rayuwarka ta hoto, wanda zai sa ka ɗauki hoto cikin ɗaki da dare ba filasha, shi ne mafi arha a cikinsu, sauran duk ƙananan taku ne masu tsada.

Ana cewa araha ba ta ado, amma 50mm f/1.8 ya ƙaryata wannan, kuma akwai dalili. Tsarin gilasansa tsoho ne sosai, asalinsa daga Planar ne da Paul Rudolph ya zana wa kamfanin Zeiss a 1896, gilasai shida rabi na kallon rabi, an daɗe ana gyara shi har ya zauna, ba shi da wahalar ƙerawa ba ya cin kaya. Kusan duk tsofaffin 50mm 'ya'yan gidan nan ne, masu arha da masu tsada, shi ya sa halinsu ma ɗaya. In ka buɗe ƙofar gaba ɗaya hoton yakan yi wani hazo-hazo, tsakiya da dama-dama amma kusurwoyi sun yi laushi sun yi duhu, sannan duk inda fari ya haɗu da baƙi, kamar rassan bishiya a gaban sararin sama ko zoben azurfa a rana, sai ka ga wani jirwaye shunayya a gefensa. Ka rage zuwa f/2.8 sai hazon ya washe. Ka kai f/4 ko f/5.6, kai, sai ka rantse an canja maka lens, komai tar har kusurwa. Bayan f/11 kuma sai kaifin ya fara komawa baya, wannan ba laifin kowa ba ne, haka haske yake in ya bi ta ƙaramar kafa.

Mu ɗauki na Canon na zamanin DSLR, wato kyamarori masu madubi a ciki, tunda su aka fi musu a kai. Akwai EF 50mm f/1.8 II na 1990, roba ne har bakin da ke shiga kyamara, giram 130 kacal, in yana neman fokas ƙararsa kowa a ɗakin sai ya ji, kuma ganyen ƙofarsa biyar ne, shi ya sa in ka rage ƙofar fitilun da ke baya sai su fito da kusurwa biyar-biyar maimakon zagaye. A 2015 suka maye gurbinsa da EF 50mm f/1.8 STM, gilasai shidan dai su ne amma baki ya koma ƙarfe, ganye bakwai, injin fokas ya yi shiru, yana kuma matsowa har santimita 35 inda tsohon ke tsayawa a 45. Wannan kam ban ga abin da mutum zai saya da kuɗi kaɗan haka ya samu abin da ya kai shi ba.

Na tsakiya, EF 50mm f/1.4 USM na 1993, shi ne wanda nake ganin ya fi kowa rashin cin kuɗinsa. A f/1.4 ɗin da ka biya dominta yana da laushi, sai ka rage shi zuwa f/2 ko f/2.8 kafin ya farfaɗo, to in a can za ka zauna me ya raba ka da ƙaramin? Ga shi kuma an san shi da raunin fokas, hancinsa ne ke fitowa waje in yana juyawa, in ya ɗan bugu ta gaba a cikin jaka sai fokas ya maƙale, shi ya sa masu shi ke mayar da shi ciki kafin su ajiye.

Sai babban yaya, f/1.2L na 2006, mai jan zobe, ya haura rabin kilo. Masu hoton mutane suna sonsa kuma ban ga laifinsu ba, yadda yake narkar da baya da yadda fata ke fitowa a cikinsa abu ne na daban. Amma in kaifi kake nema ba nan zai ba ka ba, a f/5.6 ƙaramin f/1.8 ɗin nan yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da shi, a kusurwa ma wani lokacin ya wuce shi. Yana kuma da wani hali, in kana kusa da abu ka rage ƙofar kaɗan, wajen f/2 zuwa f/4, sai inda fokas ya zauna ya ɗan zame baya, ka saita kan ido ka samu kaifin ya wuce idon.

A ɓangaren Nikon labarin kusan ɗaya ne. AF-S 50mm f/1.8G na 2011 ya zo bayan f/1.4G na 2008, an saka masa gilashi ɗaya mai lanƙwasa ta musamman, yana kama fokas da sauri fiye da yayansa, kuma a f/1.8 bai bar masa komai ba. Sai dai a kula da tsohon f/1.8D, arha gare shi kuma yana da kaifi amma ba shi da inji a cikinsa, kyamara ce ke juya shi, in taka cikin jerin D3000 ko D5000 take to da hannu za ka riƙa fokas.

Abin ya canja ne da sensa, wato abin da ke kama hoton a cikin kyamara, ta fara yawan megafiksel, ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Nikon D800 ta fito a 2012 da megafiksel 36, nan take duk laushin da ake ɓoyewa a da ya fito fili, mutum ya zuƙo hoto a kwamfuta ya ga abin da bai taɓa gani a takarda ba. A 2013 Zeiss suka fito da Otus 55mm f/1.4, suka ajiye tsohon tsarin gefe, gilasai 12, nauyi wajen kilo guda, ba ya ma fokas da kansa sai da hannu, kuɗinsa kuwa ba a magana, amma a buɗe gaba ɗaya kaifinsa har kusurwa. Shekara ta zagayo, 2014, Sigma suka kawo 50mm f/1.4 Art, gilasai 13, giram 815, yana fokas da kansa, ya biyo Otus a guje a kaifi da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na Otus ɗin ba. Shi ne lens ɗin da ya sa tsofaffin f/1.4 na manyan kamfanoni suka ji kunya. In da gaske a f/1.4 kake aiki kullum kuma DSLR gare ka, wannan ne inda ƙarin kuɗi ke komawa ƙarin kaifi da ido zai gani. Kuɗin da ba a faɗa maka shi ne na wuyanka, giram 815 fa ya ninka ƙaramin STM sau biyar, ka rataya shi yini guda za ka gane. A kan DSLR kuma wasu sukan buƙaci a daidaita musu fokas, har wata 'yar na'ura Sigma ke sayarwa ta USB don hakan.

Da kyamarori marasa madubi suka zo sai lambar ta ƙara rikita mutane, don yanzu akwai f/1.8 da ba na masu ƙaramin ƙarfi ba ne. Sony FE 55mm f/1.8 na 2013 mai sunan Zeiss, giram 281, da Nikon Z 50mm f/1.8 S na 2018 mai gilasai 12, duka biyun sun fi tsohon f/1.8 tsada nesa ba kusa ba, mutane suna ta ƙorafi wai ya za a biya haka a kan 1.8, amma ka buɗe su gaba ɗaya ka ajiye kusa da tsohon f/1.4 ko ma f/1.2L ɗin can, za su kayar da su a kaifi ba gardama. Ni a wurina na Nikon Z ɗin nan shi ne ya fi kowa daidaita tsakanin kaifi da kuɗi da nauyi a duk waɗanda na ambata. Sony suna da wani FE 50mm f/1.8 na 2016 mai arha, hotonsa ba laifi, fokas ɗinsa ne dai nawa gare shi. Canon RF 50mm f/1.8 na 2020 shi ma ɗan gidan tsohon tsari ne da ɗan gyara, ƙarami mai sauƙi. Sababbin f/1.2 kuma, RF na 2018 mai giram 950 da Sony GM na 2021, waɗannan kam sun haɗa duka, haske da kaifi a buɗe, ba abin da za ka kushe sai kuɗi da nauyi. Wanda hoto ne sana'arsa kuma aikin zai mayar masa da kuɗin, bismillah.

Wani abu da teburan gwaji ba sa nunawa: a ful firem, wato kyamara mai babbar sensa, in mutum yana mita ɗaya daga gare ka, a f/1.4 abin da zai fito da kaifi bai wuce zurfin santimita 3 ba, a f/1.8 kusan 4. Ya ɗan juya fuska, ido ɗaya ya fito da gashinsa ɗaya-ɗaya ɗayan ya dushe. Kai ka ja numfashi ka ɗan yi gaba, fokas ya koma kan gira ko kunne. Yawancin hotunan da ake zagin lens a kansu wai ba shi da kaifi, in ka zuƙo za ka ga akwai inda ya yi kaifin, ba dai inda ake so ba ne, ko kuma hannu ne ya girgiza saboda shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ta yi jinkiri. Kyamarori marasa madubi masu bin ido da kansu sun rage wannan matsalar sosai, har tsohon lens in ka ɗaura musu da adafta sai ka ga kamar ya ƙara kaifi, alhali fokas ne kawai ya fara sauka inda ya kamata.

In kana son ka gwada da kanka ba sai da wani ɗakin bincike ba. Manna shafin jarida a bango ya kwanta sosai, ɗora kyamara kan ƙafarta ta fuskanci bangon sak ba karkace ba, ka zuƙo a sikirin ka saita fokas da hannu kan ƙananan rubutu, ka sa taima don kar hannunka ya taɓa. Ɗauki ɗaya a buɗe, ɗaya a f/2.8, ɗaya a f/5.6. A kwamfuta kar ka tsaya a tsakiya kawai, leƙa kusurwoyi huɗun. A buɗe za ka ga baƙin harafi ya koma toka-toka kamar an shafa masa wani abu, a f/2.8 ya yi baƙi, a f/5.6 har zaren takardar kana gani. Abin da za ka fi sa wa ido shi ne ko kusurwa ɗaya ta fi sauran lalacewa, in haka ne gilashin ciki bai zauna daidai ba, mayar da shi, don ko lens biyu masu suna ɗaya daga kamfani ɗaya ba lallai su zo daidai ba, musamman masu arhar.

Kafin ka biya kuma ka tabbatar wace sensa ce a kyamararka. Ana kiran 50mm daidaitacce ne saboda ful firem, milimita 36 a 24, wanda daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 43 ne. A kan ƙaramar sensa ta APS-C zai koma kamar 75mm, a Canon ma 80mm, ya yi kyau wajen ɗaukar fuska amma cikin ɗaki za ka ta ja da baya har ka jingina da bango mutum uku ba su shiga ba. A nan 35mm ne naka, irin Nikon 35mm f/1.8G DX na 2009 ko Fujifilm 35mm f/1.4 na 2012, masu Micro Four Thirds kuma, wadda sensarta ta fi APS-C ƙanƙanta, 25mm.

Na hannu ma ba laifi, irin waɗannan lens ɗin ba su da tarkace da yawa a ciki da zai lalace. Ka buɗe murfin gaba da na baya ka haska tocilan waya ta ciki, 'yar ƙura ba komai ba ce ba ta fitowa a hoto, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashin, fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Juya zoben fokas daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa a wani wuri, sannan ka ɗaura shi a kyamararka, ba ta mai sayarwa ba, ka sa shi ya kama abu na kusa da na nesa sau da yawa a jere ka ga ko yana dira wuri ɗaya kowane lokaci.