Kwanon da ya ce min shekarunsa ɗari biyar

Sarin kaya ya kai ni Guangzhou, amma ranar ƙarshe sai na faɗa wata kasuwar tsofaffin kaya. Can na ci karo da wani kwanon tangaran, fari da zanen shuɗi, a gindinsa haruffa shida na Sinanci. Abokina da ke zaune can ya karanta min: an yi shi zamanin Sarki Chenghua na daular Ming, wato 1465 zuwa 1487. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Dariya kawai ya yi. Ya ce ai tambarin nan shi ne abu na ƙarshe da masana ke dubawa, domin magina na Jingdezhen, garin da ya shahara da yin tangaran a China, sun riƙa rubuta sunan Chenghua a kayansu tun kafin zamanin Sarki Kangxi (1662 zuwa 1722), don girmama magabata, balle 'yan jabun yau.

Sai ya kifar da kwanon, ya sa na shafa ƙafarsa inda ba a zuba ƙyalli ba. Nan ake ganin ainihin yumɓun. Nawa kuwa dattin shafa shi aka yi, har ya ɗan kama min yatsa. Zanen ma ɗigo-ɗigo ne na inji, babu sawun buroshi ko ɗaya.

Na dai saya a kuɗin shayi. Da na dawo na juya tangaran ɗin jeren Hajiya kakata, na ga "CHINA" da Turanci. Wannan kam ba ya ƙarya: sai wajen 1891 aka fara buga irinsa.