Mun Ba Da Fili, Mun Tsaya Wa Bashi

A 2013 ina mataimakin ma'aji a wata ƙaramar hukuma da ke gefen babban birnin jiharmu. Gari yana ta cinye gonaki, kuɗin haya na hawa, gangar ɗanyen mai kuma tana sama da dala 100, don haka kason da ke zuwa daga Abuja yana da auki. Ana cikin haka wani kamfanin gine-gine ya zo mana da zanen rukunin gidaje 300 na ma'aikata.

Sun ce ba sa neman ko kwabo a wurinmu. Mu ba da fili, mu biya manoma diyya, su ciyo bashi a banki su gina. Abu ɗaya bankin ke so: takardar izinin cire kuɗinsa kai tsaye daga kasonmu idan kamfanin ya gaza, irin wadda ba a janye ta bayan an sa hannu. Na ce wa ciyaman, "Ranka ya daɗe, ai takardar nan ita ce bashin. Mu za mu ci, su za su kashe." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ka cika tsoro. Kafin a kai linta an sayar da gidajen nan." Na ja bakina na yi shiru, kuma da hannuna na shirya takardar. Wannan kam ba na ɗora wa kowa.

Matsalar farko daga filin ta fito, ba daga kuɗi ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya ne kawai, shi ma a wajen birni. Takardar shaidar mallaka da banki ke karɓa jingina, gwamna ne ke sa mata hannu. Masu sayen da muka dogara da su malaman firamare ne da ma'aikatan asibiti, waɗanda ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. Lissafinmu shi ne za su samu lamuni daga bankin lamunin gidaje na tarayya a kan ruwa kashi 6. To, ba takardar gida, ba lamuni. Sai da gini ya kai taga muka farga. A duk zaman da muka yi da kansiloli, an yi gardama kan launin kwano, amma ba wanda ya tambayi wannan.

Sai mai ya karye. Daga tsakiyar 2014 farashi ya fara gangarowa, zuwa Janairun 2016 ya faɗi ƙasa da dala 30. A 2015 jihohi da yawa sun kasa biyan albashi, sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki. A Yunin 2016 Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 197 zuwa wajen 280. Rodi, kwano, wayar wuta, komai ya yi tsalle. Ɗan kwangila ya zo neman ƙari, ba mu da shi, ya kwashe leburorinsa. Banki kuwa ya ɗauko takardarsa.

Wanda bai yi aikin ƙaramar hukuma ba, ba zai gane zafin wannan ba. Kason ƙananan hukumomi 774 duka kashi 20.60 ne na asusun tarayya, kuma a lokacin namu ba ya zuwa hannunmu kai tsaye. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya sa yana faɗawa asusun haɗin gwiwa da jiha. A can ake cire albashin malaman firamare, a cire fansho, a cire na masarauta. Yanzu ga banki ya shiga layi. Abin da ke isowa sakatariya bai kai albashi ba, kuma taga ta ofishinmu ma'aikata suka sani, ba ta banki ba. Wani tsohon masinja da ya girme wa mahaifina ya karɓi rabin albashinsa, ya ƙirga sau biyu, ya ce, "Yallaɓai, ni ma ina da gida a can ne?" Ana cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu ko ladan ba mu gani ba, sai askin.

Akwai kuma abin da ba mu taɓa sakawa a lissafi ba. Yarjejeniya ta ce gidaje, ba ta ce titi, magudanar ruwa, taransifoma ko rijiyar burtsatse ba. Damina ɗaya ta nuna mana cewa duk namu ne. Harajin gidaje da muka rubuta a kasafi kamar yana aljihu kuwa, kango ba ya biyansa.

A ƙarshe jiha ta shiga tsakani, aka sayar da ginin yadda yake ga ƙungiyoyin adashen ma'aikata, kowa ya ƙarasa nasa da kaɗan-kaɗan. Yau unguwa ce mai rai, har da masallacin Juma'a. Kamfanin kuma ba abin da ya yi asara sai allon sunansa.

Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wani yaro da na koya wa aiki, yanzu shi ne ma'aji, ya kira ni. Aiwatar da hukuncin na ta jan ƙafa, amma kamfanoni sun riga sun fara sintiri. Na ce ya fara tambayarsu nawa ne kuɗinsu na kansu da zai shiga ƙasa kafin na banki. Ya samo takardar fili kafin a buga bulo ɗaya. Ya yi lissafi da watan da kaso ya fi lalacewa, kuma a gina 30 a sayar tukuna.

Ya ce, "Baba, ciyaman yana sauri, yana so a aza harsashi kafin zaɓe." Da daddare ya turo mini daftarin yarjejeniyar ta WhatsApp. Na saka tabarau na bi shi shafi-shafi. Takardar izinin cire kuɗin nan tana can kusa da ƙarshe, an canza mata suna kawai.